Bokitan Guduma

Guduma kowa yake ce masa, har matarsa idan ba ya kusa. Sana'arsa rushe gini. Idan wani ya sayi tsohon gida yana so ya kafa bene a wurin, shi ake nema da leburorinsa. Ba ya aiki da katafila, hannu ne kawai da wata ƙatuwar guduma wadda ƙotarta ta yi baƙi ta yi santsi saboda gumi. Gajere ne mai faɗin ƙirji, wuyansa da kansa kusan kaurinsu ɗaya. Yakan tsaya ya ƙare wa bango kallo, ya ɗan ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can, sannan ya tofa yawu a tafi ya sauke masa ƙarfe a wuri guda, sai ka ga bangon da ya girmi kowa a layin ya durƙusa. A wannan fanni dai babu mai ja da shi.

Abin takaicin shi ne, idan an tashi daga aiki gudumar kaɗai yake jinginewa, hannun kuwa da shi yake tafiya gida. Kwandastan motar da ya taka masa ƙafa ya bar haƙora biyu a bakin titi. Wani lebura da ya sako katako daga sama ba tare da ya yi magana ba ya yi wata guda yana numfashi da ƙyar, don sai da Guduma ya hau ruwan cikinsa aka taru aka ɓamɓare shi. 'Yan sandan unguwar sun san shi har sun gaji da shi. A gida kuma matarsa ta ƙware wajen sauraron takunsa tun daga ƙofa. In ta ji ya turo ƙyauren da hannu, ta fito ta yi masa sannu. In ta ji da ƙafa ya turo, ta ja ɗanta su shige ɗaki. Babu kwano ɗaya a kicin ɗinta da bai lotsa ba, kuma ba faɗuwa suka yi ba.

Ɗa guda Allah Ya ba su, yaro mai sanyin hali, ya ɗauko uwarsa. Yana ɗan shekara goma sha wani abu, wata safiya Guduma ya nemi cizal ɗinsa, wato ƙarfen da yake sara kankare da shi, bai gani ba.

“Kai, ina cizal ɗina?”

“Ban ɗauka ba, Baba.”

“Jiya na gan ka kana wasa da shi.”

“Wallahi na mayar cikin buhun...”

Bai ƙarasa ba. Hannun da yake kayar da bango ya sauka a kan kuncin hagu na yaron, da tafi buɗe, har ya rufe kunnen gaba ɗaya. Yaron ya yi sama ya bugu da randa ya zube. Bai yi kuka ba, ya dai buɗe baki yana kallon ubansa, jini siriri yana gangarowa daga kunnen zuwa wuyan rigarsa ta makaranta. Uwar ta fito da ihu, ita ma ta samu rabonta. Da Guduma ya isa wurin aiki ya zazzage buhun kayansa, sai ga cizal ya faɗo daga can ƙasa, inda yaron ya ce ya sa shi. Ya ɗauka ya kama aiki. Bai faɗa wa kowa ba, kuma bai taɓa ba wa yaron haƙuri ba, don bai san ta inda ake fara wannan maganar ba. Likita ya ce dodon kunnen ya fashe. Yaran layi suka sa masa Kurma. Ya girma ya koyi ɗinki, ranar da ya iya yanka riga da kansa kuwa ya ɗauki almakashinsa ya bar garin, ko sallama bai yi wa uban ba.

To, mutumin nan ne fa ya wayi gari yana renon fure. Duk wanda aka faɗa wa sai ya yi dariya, amma ba a gabansa ba.

Yadda abin ya faru, suna rushe wani tsohon gida ne mai ɗan lambu a baya, bayan an yi ruwan farko na shekara. Sun riga sun jibge ɓaraguzai a kan lambun. Da safe Guduma ya zagaya baya, sai ya ga wani abu ja jawur ya leƙo ta tsakanin fasassun bulo. Kara ne guda ɗaya, babu ganye ko ɗaya, a samansa wani dunƙule mai silili-silili kamar an soka ɗaruruwan jajayen allurai a ƙwallo, kowace da ɗigon rawaya a bakinta. Girmansa daidai dunƙulen hannunsa, don ya gwada. Yana tsaye yana mamakin abin da aka zuba wa rabin gida a ka amma ya fito, sai ga wani lebura ya taho da baro cike da duwatsu zai bi ta kai. Guduma ya tokare shi a ƙirji, lebura ya yi baya ya faɗa kan rodi, cinyarsa ta tsage. Wato ko tausayin furen ma da jinin mutum ya fara shi. Ya sa cizal ya haƙa a hankali, ya tarar da wani abu kamar albasa mai kaurin saiwa. Ya sa shi a tsohon bokitin fenti ya kai gida.

Shekarar farko saura kaɗan ya kashe shi. Furen bai fi mako guda da 'yan kwanaki ba ya yanƙwane, ganye masu faɗi suka fito, suka yi watanni, daga baya suka yi rawaya suka kwanta. Ya yi ta ɗura ruwa, babu labari. Ransa ya ɓaci ya sa ƙafa ya yi ƙwallo da bokitin har bango. Ƙasa ta watse, albasar ta gangaro, ya ɗauka ya matsa, sai ya ji ta da ƙwari. Ya sa ta a aljihu ya tafi wurin wani tsoho mai sayar da furanni a bakin babban titi, ya ajiye masa a gaba.

“Wannan me ya same ta?”

Tsohon ya juya ta ya shinshina. “Babu abin da ya same ta sai kai. Furen jini ne, wasu su ce albasar kwaɗi. Barci take yi. In ta zubar da ganye, ka ƙyale ta a inuwa, kada ka ba ta ko ɗigon ruwa.”

“Har yaushe?”

“Har sama ta ba ta da kanta. Ruwa a lokacin barci ruɓar da ita yake yi. Ka huda gindin bokitin, ka sa fasasshen bulo a ƙasa, ka haɗa yashi da ruɓaɓɓen ganye, ka bar wuyanta a waje. Kada ka dinga tone ta, ba ta son a dame ta. Kuma dafi ce, in ka taɓa ka wanke hannu kafin ka ci abinci.”

“Wato in zauna in zuba mata ido kawai?”

“Iyakar aikin ke nan. Za ka iya?”

Da wani ne ya yi masa wannan tambayar da wannan murmushin, da ya kwana a asibiti. Amma Guduma ya ɗauki albasarsa ya tafi.

Ya kuwa iya, abin da ya ba kowa mamaki. A lungun bayan kicin, ƙarƙashin inuwar kwanon rufi, ya ajiye bokitin. Rani ya zo ƙasar ta bushe ƙamas har ta tsattsage, yana zuwa ya tsuguna ya kalla, hannunsa yana ƙaiƙayi, ya tashi. Da aka yi ruwan fari sai ga tsiro mai ɗigo-ɗigon ja a gindi, bayan 'yan kwanaki ƙwallon ya buɗe. A hankali uwar ta yi 'ya'ya a gefenta. Ya raba su, kowace da bokitinta, ya jira shekaru kafin su fara fure. Duk gidan da ya rusa sai ya tsinto bokitin fenti, na ƙarfe da na roba, har lungun ya cika, layi biyu. Ya gane cewa wadda ta matsu a bokiti ta fi yin fure, ya gane wace ce ke riga fitowa, wace ce mai nawa. Uwar, wadda ya tono da cizal, tana can ƙarshen lungu a wani shuɗin bokiti, ita ce ke fitar da ƙwallo mafi girma.

Kada wani ya ce fure ya mayar da shi waliyyi, ƙarya ne. Ranar da akuyar maƙwabcinsa ta shigo ta kifar da bokiti biyu, ƙafafunta na baya ya kama ya maka ta da bango, sau ɗaya, ko shurawa ba ta yi ba. Mai akuya ya shigo da faɗa, ya fita da hanci a karye yana tare jini da hularsa. Abin da ya canza kawai shi ne, yanzu akwai wurin da Guduma yake zama shiru. Matarsa ta san dokar lungun, ba a shiga, ba a taɓawa. Dalilin dokar kuwa bai taɓa yi wa kowa bayani ba, don shi a ganinsa doka ba ta bukatar bayani.

Shekaru suka ja, furfura ta cika masa kai, ciwon ƙafa ya kwantar da matar. Gwiwoyinta suka kumbura har ba ta iya fita tsakar gida sai an riƙe ta. Ita ce ta yi ta aike wurin ɗanta tana roƙo, har ya amsa. Ya iso wata rana da hantsi da keken ɗinkinsa da matarsa, wata doguwar yarinya mai fara'a, da ciki ya fara fitowa. Kurman da aka sani ya zama Tela, ya fi ubansa tsawo, ya tara gemu. Ya gaida uwarsa ya daɗe a ɗakinta, sannan ya fito ya tsaya a gaban uban.

“Baba, saboda Mama na dawo. Magana ɗaya ce da ni.”

“Ina ji.”

“Duk ranar da ka ɗaga hannu a gidan nan, ko a kan kaza ce, na tafi. Kuma in na tafi wannan karon, ko gawata ba za ka gani ba.”

Jijiyar wuyan Guduma ta miƙe. Tun da yake babu wanda ya taɓa kafa masa sharaɗi a tsaye. Ya haɗiye abin da ya taso masa ya ce, “Na ji.”

Tela ya ɗan karkata kai ya miƙo kunnen dama. “Me ka ce?”

“Na ce na ji.”

Wannan karkata kan ita ta fi komai ci masa rai. Duk maganar da za a yi wa Tela sai ya juyo da ɓangaren dama, ba da gayya ba, jiki ne ya saba. Guduma yana gani sau goma a rana, kowane gani kuma sai ya ji kamar an caka masa ƙusa. Yana son ɗan nan, so mai tsanani, amma bakinsa bai iya komai ba sai umarni da zagi. Saboda haka ya ɗora dukkan burinsa a kan lungun bayan kicin. Tela bai taɓa ganin furen ba, ya bar gida kafin a kawo shi. Guduma ya ƙudurta a ransa cewa in aka yi ruwan fari, lungun ya kama da ja daga farko har ƙarshe, zai kamo hannun ɗansa ya kai shi ya gani. Ba sai ya ce komai ba. Yaron zai gane cewa hannun nan ya iya raya wani abu.

“Ka jira ruwan fari,” ya ce masa wata rana suna cin abinci. “Akwai abin da zan nuna maka.”

“Mene ne?”

“Kai dai ka jira.”

Watanni suka wuce lafiya. Tela ya kama shago a bakin kasuwa, yana fita da safe ya dawo da yamma. Surukar kuwa ta ɗauke gidan gaba ɗaya, ta yi wa tsohuwa, uwar mijinta, wanka, ta gasa mata gwiwa, ta share ko'ina. Ba ta tsoron Guduma, don ba ta san shi ba sai a labari. “Baba, wannan rigar taka ta gaji, ka bar ta ta huta mana,” haka take tsokanarsa, shi kuma ya rasa yadda zai yi da fuskarsa. Ya koyi turo ƙofa da hannu. Wani direba ya zage shi a titi, ya sa hannayensa biyu a aljihu ya wuce.

Ana tsakiyar zafin rani aka kira shi rushe wata tsohuwar masana'anta a wani gari, aikin makonni. Kafin ya tafi ya leƙa lungu, komai a bushe yadda ya kamata. Ya yi wa matarsa sallama, ya yi wa surukar sallama, bai ce kowa ya yi komai ba, don babu abin da za a yi. Bai zo masa a rai ba cewa akwai mutum a gidan da bai san dokar ba.

Ita kuwa surukar, baiwar Allah, da ta zagaya shanya sai ta ga bokitai jere, ƙasa ta tsage, wuyan albasa ya leƙo a bushe. Tausayi ya kama ta. Tsoho ya tafi neman abinci, shukarsa za ta mutu da ƙishi, ga mutane a gida? Ba ta tambayi tsohuwa ba, don so take ta ba shi mamaki. Famfon gidan ba ya kawo ruwa a wannan lokacin, sai na bakin layi. Da cikinta da komai take ɗauko jarka, safe da yamma, tana bin bokitan ɗaya bayan ɗaya har sai ruwa ya kwanta a kai.

Guduma ya dawo wata rana da la'asar, hadari ya fara haɗuwa a gabas amma bai yi nauyi ba. Ya jingine gudumarsa a bakin kicin, ko ruwa bai sha ba ya nufi lungu. Tun kafin ya shiga wari ya tare shi, irin warin albasar da ta kwana a kwata. Ƙasa jagab, ƙananan ƙudaje suna tashi. Ya tsuguna a gaban bokitin farko ya danna wuyan albasar da yatsa, yatsan ya nutse tuɓus, wani ruwa mai yauƙi ya fito. Ya danna na biyu, haka. Na uku ma haka. Bai taɓa na huɗu ba. Kunnuwansa suka fara ƙara, lungun ya yi masa duhu-duhu.

“Baba, sannu da zuwa! Ashe ka dawo?” Tana tsaye a bakin lungun da kofin ruwa a hannu, fuskarta fal murna. “Ka ga shukarka? Ko rana ɗaya ban bari sun kwana da ƙishi ba.”

Ya miƙe a hankali. “Ke kika zuba musu ruwa?”

“Ni ce, Baba. Safe da yamma.”

“Wa ya sa ki?”

Murmushin ya fara gushewa. “Babu kowa. Na ga sun bushe ne...”

“Na ce uban wa ya sa ki!”

Kofin ya faɗi. Daga cikin ɗaki tsohuwa ta gane muryar, muryar da ta yi shekaru tana ɓoye ɗanta saboda ita, ta fara kiran, “Maigida! Maigida, don girman Allah!” Hannunsa ya riga ya tashi, tafi buɗe, daidai kuncinta na hagu. Yarinyar ta runtse ido ta kare cikinta da hannu biyu. A daidai nan ƙofar gida ta buɗe, Tela ya shigo da ledar kayan miya.

Hannun ya tsaya a sama. Guduma ya kalli ɗansa, ya kalli hannun. Abin da ya taso masa ba mai komawa ba ne, dole ya sauka a kan wani abu. Ya yi wani irin gurnani, ya ture ta gefe da kafaɗa ya wuce, ya fizgo gudumarsa ya dawo lungu.

Bokitin farko na roba ne, ya tarwatse kamar ƙwai. Na biyu na ƙarfe, ya lotse ya manne da ƙasa, laka ta fantsama har kwanon rufi. Daga nan bai ƙara ganin komai ba. Yana ɗagawa yana saukewa, yana bin layi kamar yadda yake bin bango, kowane duka da nishi, kowane nishi da zagi. Laka da saiwa da fasasshen bulon da ya jera da hannunsa a gindin kowane bokiti suka yi ta tashi sama suna dukan bango suna dawowa. Tsohuwa tana ihu a ɗaki, ta jawo jiki har bakin ƙofa da rarrafe. Maƙwabta suka hau katanga. Wani gutsuren bulo ya tashi ya sami surukar a saman gira, fatar ta dare, jini ya rufe mata ido ɗaya ya gangaro kan rigarta, ta durƙushe. Tela ya yi kukan kura ya rungumo ubansa ta baya yana cewa ya isa, ya isa. Guduma ko waiwaye bai yi ba, ya kai gwiwar hannu baya yadda yake yi wa duk mai raba shi faɗa, ta sami Tela a baki, ya bugu da bangon kicin ya zame ƙasa. Saura shuɗin bokiti a ƙarshen lungu. Ya ɗaga gudumar har bayan kansa ya sauke masa ita da dukkan ƙarfinsa.

Sai wurin ya yi tsit, ban da hakinsa. Ya juyo. Surukarsa tana zaune cikin laka ta dafe ido, jini yana bi ta tsakanin yatsunta. Ɗansa yana tofar da jini da guntun haƙori. Matarsa tana kwance rabi a ɗaki rabi a waje. Gudumar ta zame daga hannunsa.

“Ban taɓa ta ba,” ya ce. “Kowa ya gani. Bokitaina na fasa. Kayana ne.”

Tela ya tashi da ƙyar, ya goge baki da bayan hannu, ya karkata kai ya miƙo kunnen dama.

“Me ka ce, Baba?”

Guduma ya buɗe baki, maganar ta ƙi maimaituwa.

Tela ya juya masa baya. Ya ɗaga matarsa ya wanke mata fuska, ya yage ƙyalle ya ɗaure mata goshi, ya fita ya dawo da a-kori-kura. Ya fara fitar da kaya, katifa, akwati, keken ɗinki. Da ya gama ya tsuguna a gaban uwarsa.

“Mama, hau bayana.”

Guduma ya jira ta ce a'a. Matar da ta zauna da shi tun tana yarinya, ta sha mari ta sha shuri ba ta taɓa kai ƙara gidansu ba, ai ba yau za ta tafi ba. Ta ɗaga kai ta dube shi, ba da fushi ba, da gajiya.

“Maigida, ni na roƙe shi ya dawo,” ta ce. “Ni na ce masa ka canza.”

Ta sa hannu ta rungumi wuyan ɗanta.

Guduma ya kasa tsayawa ya ga fitarsu, ya koma lungu ya tsuguna cikin ɓarnar da ya yi. Hannunsa ya kai kan wata albasa da ta dagargaje, ya ɗauka don ya jefar, sai ya ji ta da ƙwari. Ya duba. Fara ce fat, babu wari. Ya ɗauki wata, ita ma lafiyayya, saiwoyinta sababbi masu kauri. Ya shiga tona laka da hannu biyu kamar mahaukaci. Ruɓaɓɓun ba su wuce na bakin lungu ba, waɗanda hujin gindinsu ya toshe. Sauran duk fasasshen bulon da ya sa ya tsiyaye musu ruwan, ruwan kuma ya tashe su daga barci tun kafin lokaci. Kusan kowace da tsironta, wani ya kai tsawon yatsa, saura kaɗan ya huda ƙasa. Ya ja jiki zuwa shuɗin bokiti. Uwar ta rabe biyu, a tsakiyarta ga toho mai kaurin babban yatsa, gudumar ta tsinke shi daga gindi. Ya sa farce ya ɓare shi. A ciki jajayen silili ne a dunƙule, a matse, sun gama haɗuwa, kwanaki kaɗan suke jira. Da ya taɓa bokiti na huɗu, da ya gani.

A waje ya ji mota ta tashi. Ya miƙe da tohon a tafinsa ya ruga, laka har gwiwa, ya banke ƙofa ya fito layi. Motar ta fara tafiya. Matan biyu suna gaba, Tela yana zaune a baya kan katifa ya riƙe keken ɗinki, ya ba gidan gefensa na hagu.

“Kai! Tsaya ka gani! Ba su mutu ba! Tsaya in nuna maka!”

Duk layin sun ji, har masu shago sun leƙo. Tela bai juyo ba, motar ta sha kwana.

Har yau Guduma yana nan a gidan shi kaɗai, ƙarfi ya fara ƙarewa, yara ne ke ɗaga masa gudumar. Ya tsince gutsattsarin da suka rage ya binne a bokiti guda, wasu sun yi ganye, babu wadda ta yi fure tukuna. Masu haya a ɗakin da ɗansa ya zauna sun ce ba shi da fitina, sai dai duk wanda ya shigo gidan, ko almajirin makanike ne ya zo karɓar saƙo, sai ya kai shi lungu ya yi masa bayani dalla-dalla cewa wannan ba a ba ta ruwa da rani. Wani lokaci kuma yana cikin bayanin sai ya tsaya ya tambayi mutum, wai in mota tana tafiya, aka kira ka ta ɓangaren da ba ka ji, ɗaya kunnen ba ya ɗauka ko kaɗan?